Tokar Wasiƙar Kawu

Faransa, 1915

Zuwa ga Kawu Sherbaz,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya cikin bargonka. Yaya ƙafar Inna? An shuka alkama? Ka ce mata lafiyata ƙalau, yatsu biyu ne kawai sanyi ya taɓa.

Wasiƙar da ka aiko wa shugabanmu, Subeda Mirdad, ta iso. Wai a ba ɗan ƙanwarka dama ya samo wa gida lambar yabo! Madalla. Jiya ya tara mu, ya zana ramin Jamusawa a taɓo da tsinin wuƙar bindiga, ya raba aiki: masu gurneti, masu kulki, masu jawo fursuna. Sai ya dube ni yana dariya, ya ce, "Bostan, ɗan gidan jarumai! Kai za ka ja ciki a gaba ka yanke waya. Kawunka ya ƙagu."

Mutum uku suka riƙe almakashin yankan wayar nan kafin ni. Almakashin kaɗai ke dawowa, don shi an ɗaura masa igiya. Kai kuwa, Kawu, ko karen maƙwabta ya yi haushi sai ka sa sakata!

A aiko mini da safa da mazarƙwaila. Allah ya ba Inna lafiya. Kada a karanta mata wannan.

Yau da dare za mu fita. Doka ce ba a fita da takarda a aljihu, kuma kowa sai ya baƙanta fuskarsa. Subeda ya ba ni wasiƙarka in adana. Na ƙona ta, na kwaɓa tokar da mai, na shafa. In an tsince ni a jikin waya, da rubutunka za a same ni a fuska.

Bostan