Kwalbar Baba tana huci

Yaya Lachlan,

Kada ka shiga ɗakin wanki kafin ka gama karanta wannan.

Gwaggo Merle ta biyo ɗazu da safe. Ta ga kwalbar yis ɗin nan da kake raino, wanda ka tatso daga gindin giyar ƙarshe da Baba ya haɗa kafin ya rasu. Ta ce, "Wane sakarai ne ya bar wannan a buɗe, ƙudaje na shawagi?" Ta cire takardar da ka rufa masa sako-sako, ta murɗa murfin ƙarfe tam. Sai da za ta tafi ta gaya mini, tana jiran godiya.

Ka san zafin Darwin. Murfin ya kumbura, kumfa ta kai wuya. Na gwada kwancewa ya ƙi. Ban iya ɗaukarta zuwa firji ba. Na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul, na kulle ƙofar, kare yana bayan gida. Dole na tafi aiki.

Sa gilashin walda da safar hannu. Ka sassauta murfin a hankali, kada ka girgiza ta. In ta fashe, babu wata kwalbar Baba da ta rage mana.

Ka saurara a bakin ƙofa tukuna. Kwalbar tana wani irin huci, kamar na Baba in ya kusa fashewa da faɗa. In ka ji shiru, ka fi jin tsoro.

Bronwyn