Eriyar Motar Kawu Ɗantsoho

Bungudu,
9 ga Yuni, 1958.

Zuwa ga ƙanena Yusha'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, karatun aikin lantarki a Kaduna yana tafiya daidai. Allah ya ƙara basira, amin. Mu nan kowa lafiya. An yi shuka, kuma ƙafar Inna Saude ta yi sauƙi har tana zuwa unguwa.

Ka tuna tsohuwar motar nan da Kawu Ɗantsoho ya saya hannun Baturen auduga a Gusau, mai eriyar da ke fitowa da kanta in an danna maɓalli? To, ta so ta raba direbansa Labbo da abincinsa. Duk sadda suka hau hanyar Tsafe sai fis, ɗan abin nan mai yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone, eriya ta maƙale, rediyo ya yi shiru. Sau biyar ana sakewa. Kawu ya ce Labbo ne ke wasa da maɓallin don ya burge 'yan kasuwar Bilbis. Labbo ya rantse, Kawu ya ce rantsuwa ba ta gyara rediyo, ya karɓe makulli. Ka kuwa san mutum bakwai ke ci daga hannun Labbo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, me ya sa sai a hanyar Tsafe? A cikin gari lafiya lau take. Sai na tuna dabarar da ka nuna mini da hutu, na roƙi Kawu ya ba mu yini ɗaya, ni da Labbo. Ranar Asabar da hantsi muka cire fis, muka haɗa ƙwan fitila a gurbinsa, don in wayar na taɓa ƙarfe a wani wuri zai kama. Bai kama ba. Labbo ya ce bari ya yi mata irin gargadar hanyar Tsafe, ya hau bayan motar yana girgizawa. Sai ga ƙwai yana ƙyaftawa kamar mai hararar mu! Muka bi wayar taƙi-taƙi har cikin but, wurin ajiye kaya, inda ta shige bayan wani katako. A jikin katakon akwai laya, an kafe ta da ƙusa. Da muka ɓamɓare, ashe ƙusar ta huda rigar wayar, tsininta kuma saura ƙiris ya taɓa ƙarfen mota. In an faɗa gargada sai su haɗu.

Da na nuna wa Kawu, ya daɗe yana jujjuya ƙusar. Can ya ce shi ya kafa ta da hannunsa ranar da motar ta iso, don tsari. Ya ce ashe mai ɗaki ma ba kullum ya san inda yake yoyo ba. Ya miƙa wa Labbo makulli, ya nemi gafararsa a gaban jama'a. Labbo ya ce ya yafe, amma a bar masa ƙusar. Layar kuwa mun rataye ta da igiyar fata, wayar kuma mun naɗe ta da roba.

Yanzu ka warware mini: me ya sa fis ke ƙonewa, ba wayar ba? Kuma naɗin robar da muka yi zai jure damina? Ka amsa da zane, ina so in nuna wa 'yan ajin da nake koyarwa.

Ka gai da Yaya Sahabi da Hanatu da yara. Inna Saude da Maimuna suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Lawwali