Inna, Takwararki Ta Isa Sallah

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, tare da durƙuso har ƙasa kamar yadda kika koya mini, ina fatan wannan saƙo ya same ki cikin rahamar Ubangiji. A al'ada sai in ce ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, to amma ke kin wuce inda ake tambayar lafiya. Mu dai muna nan ƙalau, alhamdu lillahi. Na san babu mai kai miki wannan takarda, shi ya sa na rubuta ta a shafina inda jama'a za su gani. Masu karatu su yi haƙuri, yau da uwata nake magana.

Dalilin rubutowa shi ne takwararki. Kin tafi kin bar Ummi a goye, yanzu ta cika shekara bakwai. Haƙoranta na gaba sun zube, amma hakan bai rage mata surutu ba ko kaɗan. Abbanta ya sayo mata 'yar sallaya, ni kuma na kai aka ɗinka mata hijabi har ƙasa. Malamarsu ta Islamiyya ta koya musu lokutan sallah biyar, tana jero su ba gargada. Da na ga haka sai na ɗauka nawa aikin ya ƙare, ashe ko farawa ban yi ba.

Kin tuna zauren gidanmu na Gwallaga? Har gobe in na bi ta layin a keke sai na leƙa. Yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki, ya shafe bangon da hayaƙin murhunki ya baƙanta da koren fenti. Duk da haka ina gane daidai inda kike ajiye kujerarki, da inda robar ƙullu take zama.

Ba ki taɓa hura wuta ba sai kin idar da sallar asuba. Da yamma kuma cinikin masa ba ya kankama sai dab da magariba, lokacin da maƙera da teloli da masu shaguna suke komawa gida, kowa da kwanonsa a hannu. Daidai lokacin ne ladanin ɗan masallacin kan kwana zai gyara murya a lasifika. Kina jin wannan gyaran murya ba za ki ƙara zuba ƙullu a tanda ba. Ki juya na ciki, ki kwashe, ki janye itace, ki kife faifai a kan roba, ki ɗauki buta. Ko layi ya kai bakin kwata ba ruwanki.

In wani ya yi ƙorafi sai ki ce, “Wanda ya tafi saboda raka'a uku, da ma ba yunwa yake ji ba.” Yawancinsu ma kunya ce take kama su. Sai su jera kwanukansu a kan dakali, kowane kwano yana riƙe wa mai shi layi, su wuce masallaci.

Mama Chinedu mai shagon kayan masarufi da ke jikin zauren ita ce take zama a kujerarki tana korar awaki. Duk wanda ya zo sai ta ce masa, “Inna ya tafi salla, ka zauna, yanzu zai zo.” Ranar Lahadi kuma ke ce mai tsaron shagonta har ta dawo daga coci. Ko kin san tun daga garinsu ta taso ta zo gaisuwarki? Kukan da ta yi, sai da muka koma mu ne masu ba ta haƙuri.

Ni a lokacin haushi nake ji, don ni ce mai wanke-wanke, duk jinkirin da aka yi a kaina yake ƙarewa. Amma in na zauna ina tunani, ban tuna ranar da kika tsaya a kaina kina cewa in tashi in yi sallah ba. Kina miƙewa sai kawai in ga kaina a bayanki ina jiran ki gama da buta.

Sana'arki ce take riƙe da ni har yau, Inna. Ina da shago a Fadaman Mada, tanda uku na ƙarfe a kan gas, da wata baiwar Allah Laraba mai taya ni. Ƙanwarki Goggo Asabe ta ce masata ba ta kama ƙafar taki ba, wai gas ba ya ba da ƙamshin itace. Na yarda, amma dai baƙi in sun shigo gari neman masar Bauchi ana kwatanta musu shagona. Sai dai yanzu babu layin kwano, waya ce. Ofis su yi oda saboda taro, masu biki su yi, masu suna su yi, ga mai keke a ƙofa yana danna hon yana jiran a ɗora masa kuloli.

Wanda ya zo zaurenki, in ya ga faifai a kife ya san inda kika tafi. Mai bugo waya ba ya ganin komai. In ya kira bai samu ba sai ya kira wata, masu masa kuwa sun cika gari. Da haka azahar ta fara zamewa tana haɗuwa da la'asar. Magariba kuma da yake lokacinta ba tsawo, sau da yawa sai na koma gida nake haɗa ta da isha'i. Ban taɓa kwana da sallah a kaina ba, kuma da wannan nake lallashin zuciyata. Ina cewa ai neman halal ma ibada ne.

Kwanakin baya Goggo Asabe ta zo daga Zungur ganin likitan ido, ta sauka a wurinmu. Wata Asabar da rana na dawo gida ɗaukar shinkafar da na jiƙa, na tarar da Ummi a tsakar gida da ƙawayenta suna wasan girki. Ta jera murafun kwalba ta cika su da taɓo, wai masa take soyawa. Ta maƙale wani guntun silifas tsakanin kunne da kafaɗa, wai waya ce, tana ta “To Hajiya, yanzu zai taho.” Har na fara dariya sai aka kira azahar. Goggo ta ce mata ta tashi ta yi alwala.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Goggo, oda gare ni. Sai na tashi aiki zan haɗa su duka. Ai yara ne suke yi ɗaya-ɗaya, manyan mata haɗawa suke.”

Kin san Goggo ba ta da faɗa. Ta ɗago ta dube ni da idon nan nata mai ciwo, ta ce, “Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.” Daga nan ta ja butarta ta wuce. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A daren ranar, da na dawo gida bayan isha'i, na tsaya a bakin ƙofar ɗaki ina kallon Ummi ba ta sani ba. Ta shimfiɗa sallayarta, ta ajiye guntun silifas ɗin a gefen dama, ta fara jero su a guje, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Goshi bai gama taɓa ƙasa ba ta ɗago. Tana sallamewa ta ɗauki silifas ta duba, ta ja tsaki, ta ajiye, ta sake kabbara. Har tsakin nawa ne, Inna. Kuma ba wasa take ba, da zuciya ɗaya take yi, tana jin ta kai mace.

Na koma kicin na zauna. Tsoro na ji. Yarinyar da take ɗauke da sunanki za ta tashi tana ganin sallah abu ce da ake yi in an gama komai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuma ga inda na tanƙwara nawa ban sani ba. In abin ya zauna mata a waɗannan shekarun wa zai cire? Ita ma wata rana uwa ce.

Washegari na zaunar da ita na yi mata wa'azi mai tsawo, har da abin da malamai suke faɗa a kan falalar sallah a farkon lokacinta. Ta ce to Mama. Abbanta ya ɗora nasa, ta ce to Abba. Da aka kira la'asar ta tashi ta yi don ana kallonta, fuska a haɗe kamar wadda aka mayar aji ɗaya. A nan na gane da ido ta ɗauki abin, kuma ba baki ne zai cire shi ba.

Ranar Alhamis da ta biyo baya ina da odar wata Hajiya, babbar mai ciniki ce da ta daɗe tare da ni, walimar 'yarta za a yi bayan magariba. Aka ɗauke wuta a wurin niƙa, ƙullu bai iso da wuri ba. Laraba ta riga ta tafi da kulolin farko, saura ta ƙarshe ko rabi ba ta kai ba, mai keke yana tsaye. Ummi, da yake babu Islamiyya ranar, tana zaune a benci tana cin gutsattsarin masa da yaji. Sai masallacin bayan shago ya ɗauki kiran magariba. Ludayi yana hannuna cike da ƙullu. Na waiga na ga ta daina tauna tana kallona.

Na mayar da ƙullun cikin roba, na kwashe na tanda, na kashe gas ɗin duka. Na ce wa mai keke ya je ya yi sallah ya dawo. Ya yi dariya ya ce shi ma da ma hanya yake nema. Ban ce wa Ummi komai ba, na yi alwala na shige bayan buhunan shinkafa na tayar.

Tun daga kabbarar farko waya take kuka, ta tsinke ta sake. Ba zan ɓoye miki ba, rabin hankalina yana wurinta. Da na sallame sai na ga Ummi tsaye a kaina, ta riƙe wayar da hannu biyu, idonta taf da hawaye. Ta ce, “Mama, Hajiya ce fa. Za ta fasa.” Tausayinta ya kama ni. 'Yar wannan yarinya har ta san fargabar mai ciniki, ba ta san ta wucewar lokaci ba.

Kin fi kowa sanin halin tanda in ta huce. Zubin farko duk ya kama, sai kankarewa na yi. Kafin kular ta isa baƙi sun fara watsewa. Hajiya ta faɗi maganganu, kuma tana da gaskiyarta, don ni na yi mata alkawarin lokacin da na san zai ci magariba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma tun ranar ba ta sake kira ba. Na ji an ce sunan jikarta wata ce ta yi masar. Ya yi mini ciwo, Inna, ba zan ce bai yi ba.

Tun daga nan na daina karɓar odar da za ta faɗa cikin magariba. In mutum ya nace sai in ce ya zaɓa, ko kafin ko bayan. Wasu sun fahimta har da sa albarka, wasu sun koma wani wurin. Azahar da la'asar kuwa karɓa-karɓa muke yi da Laraba, in na idar ta tashi. Sai a lokacin ta gaya mini ta daɗe abin yana damunta, nauyina ne ya hana ta magana.

Ummi kuwa ido ta sa mini. Makonni tana kallona ta gefen ido, in an kira sallah ta dubi ludayi ta dubi fuskata. Ni kuma na kama bakina, ban sake ce mata tashi ba. Wani lokaci ta biyo ni, wani lokaci ta yi kamar ba ta ji ba. Na yi ta addu'a a raina, don ban san me take saƙawa ba.

Jiya da la'asar ina tsugune a bayan shago ina alwala sai ga ta, ta zo ta tsuguna a gefena. Ta daɗe tana kallona. Ta waiga ta tabbatar Laraba ba ta kusa, sannan ta rage murya kamar mai rufa mini asiri, ta ce, “Mama, ke yanzu kin koma yarinya ne?”

Na buɗe baki zan yi mata bayani, in ce ai babba da yaro duk lokaci ɗaya aka yanka musu, sai na fasa. Abin da ya fito kawai shi ne, eh, na koma. Ta juya maganar a ranta. Can ta ce to ba komai, ba za ta gaya wa kowa ba. Ta naɗe hannun rigarta, ta miƙo tafukanta a ƙarƙashin butata in zuba mata.

Tare muka yi sallar, kafaɗarta tana gogar ƙuguna, kuma ba ta ɗago ba sai da na ɗago. Rabon da wani ya kira ni yarinya tun ranar da aka fita da gawarki daga gida. Na yi kewarki, Inna. Na yi kewarki sosai, jiya har na kasa karanta tahiya sai da na sake.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki Ya cika shi da haske. Duk sallar da takwararki za ta yi a kan lokaci har ƙarshen rayuwarta, Allah Ya kai ladan gare ki. Ita kuma Ya raya ta, Ya sa in ta girma ta zama babbar mace irinki. Ni kuma Ya riƙe hannuna ranar da wata babbar oda za ta sake faɗowa daidai kiran sallah, don na san za ta zo, kuma na san akwai mai kallona. Allah Ya haɗa fuskokinmu a Aljannar Firdausi, amin summa amin.

Wassalam.

Yarinyarki,
Hajara