Sifirin Ranar Shuka

Maijirgi, daren Laraba, watan Yuli

Yau na doki Sanusi, ɗana na fari, da bulalar jaki.

Da la'asar ya dawo daga Tasawa da sakamakon zangonshi na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Makarantar hafsoshin soja ta ƙi karɓar takardunshi, wai makinshi bai kai ba, don ya ci sifiri a lissafi. Ni kuwa shekara uku ina cika baki a gari cewa gidana zai fidda hafsa.

Ban tambaye shi komai ba. Na zaro bulala daga amalanke, na rufe shi da duka har leɓenshi ya fashe. Uwarshi ta riƙe ni, na ture ta ta faɗi kan turmi.

Bai gudu ba, bai kare ba. Da na gaji, ya tofar da jini ya ce, "Baba, ranar jarrabawar lissafi aka yi ruwan farko. Kai ka aiko in bar komai in zo shuka."

Na tuna. Ni na aika.

Geron ya kai gwiwa yanzu. Gobe tare za mu shiga noma, ban san da wane ido zan dubi yaron nan ba.