Ƙorafi Kan Jefa Allon Maƙabartarmu a Foldar da Ba a Buɗewa

Daga: Almu Mai Haƙa,
Maƙabartar wajen Ƙofar Kwaya, Katsina.
Litinin, 26 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Shirin Sa Ido Kan Lafiyar Unguwanni, Katsina.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ALLON BAYANAN MAƘABARTARMU

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an tashi lafiya, da aiki, da iyali. Ni ban shiga aji ba. Malam Nu'uman mai buga takardu ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma hana shi rage ko kalma.

Shekara arba'in da ukku ina haƙa kabari. Shekarar sanƙarau na haƙa sha ɗaya a yini guda. Rami ya taɓa ruftawa da ni, na fito da ƙafata. Mu bakwai muka fara aikin nan, shida ni na rufe su. Gwangwani biyu gare ni: in na rufe babba in jefa babban dutse a ɗaya, in yaro ne in jefa tsakuwa a ɗayan. A garin nan babu mai lissafi kamata.

1. Tun 2021 Malama Comfort ta ofishinku ke kirana kowace Litinin, in zazzage gwangwani in faɗa mata, ta shigar a kwamfuta. An nuna mani allon bayananmu. An ce in yara suka wuce biyar a mako sai ya yi ja, a turo masu duba ruwa.

2. Ranar 1 ga Yuli, da allunan suka yi yawa, aka rarraba su folda-folda, kowace unguwa da tata. Wai maƙabarta ba ta da mazauna, sai aka jefa namu a wata folda mai suna "Saura". Ranka ya daɗe, mazauna muke da su, ba su dai tashi.

3. Ranar 22 ga Yuli na ba da tsakuwa tara. 29 ga Yuli, sha huɗu. 5 ga Agusta, sha bakwai. 12 ga Agusta, sha biyar. Akasarinsu daga layi biyu, rijiya guda, amai da gudawa. Malama Comfort ta shigar duka, ba na zarginta. Babu wanda ya zo.

4. Ranar Alhamis 8 ga Agusta aka kawo jikata Hajo, ɗiyar ɗana, shekararta huɗu. Ni na haƙa. Ƙasar da laushi saboda ruwan sama, bai ɗauke ni lokaci ba.

5. Ranar 19 ga Agusta na tako ofishinku. Malam Markus mai kula da allunan ya buɗe mani foldar unguwarmu, komai kore. Da na ƙi tashi ya yi ta bincike har ya kai "Saura". Namu na can tsakanin allon gwaji da na wata tasha da aka rufe, ja wur, mako huɗu. Ya ce sai da sa hannunka za a matsar da shi.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a mai da allonmu foldar da ake buɗewa kowace safiya, a kuma turo a duba rijiyar nan makon nan, don har yau ana sha. Ba na neman a kori kowa. Na yau tsakuwa takwas ne.

Sai gyara guda. Lissafin 12 ga Agusta sha shida ne, ba sha biyar ba. Tsakuwar Hajo ban jefa ba, tana aljihuna. Shekara arba'in da ukku, wannan ne karo na farko da na ba da lissafin da bai cika ba. A taimaka a ƙara ta.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Naka mai biyayya,
Almu Mai Haƙa
(dangwalen babban yatsa)