Kwalba Mai Jan Zare

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Allah ya sa kuna lafiya. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Da murya na turo wannan, na roƙi mai shafin ya rubuta yadda na faɗa, sannan ya goge muryar. A ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, babu zagin da zai yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema.

Ni Bahaushen Sudan ne. Kakana ya taso aikin hajji da ƙafa, ya tsaya noman auduga a Jazira, bai ƙarasa ba, bai koma ba. A bayan garin Umdurman na girma. Tun da sojoji suka karɓi mulki rusau biyu na gani da idona. Katafila ta zo da safe, a ce wurin nan ba shi da takarda, kafin azahar gidanka ya zama tarin ƙasa. A na biyun a bayana na goyo mahaifiyata muka fita. Daga nan muka tare a wata hilla, wato unguwa, can bakin hamada, ita ma ba takarda. Aikina karo ne, keken jaki da ganga a kai. In ɗebo ruwa a rijiyar hilla, in bi gida gida ina buga gangar da sanda don a san na iso.

Kusa da rijiyar akwai masu fasa tsohon batirin mota. Su narkar da dalmar ciki su kai wa maƙera a Kasuwar Umdurman, ruwan batirin kuma su juye a wani rami. Daga ramin in ka jefa dutse zai kai rijiya. Mutanenmu ne, abincinsu ke nan, ba wanda ya taɓa ce musu uffan.

Sai yara suka fara wani ciwo. Ciki ya murɗe, yaro ya ƙi abinci, ya yi fari, wani ya shiɗe yana jijjiga, wani ya tashi amma maganar da ya iya ta ɓace. Aka ce iska, aka ce baki. Ana cikin haka wata likita ta zo daga jami'a a Khartoum, muna ce mata Duktura. Bincike take yi a kan ruwan shan mutanen bayan gari. Ba a barin ta ta riƙa shigowa sai da takardar izini kowane zuwa, saboda haka ta nemi wanda zai riƙa ɗebo mata ruwa yana kai mata ɗakin gwaji, sau ɗaya a mako har mako huɗu. Aka nuna mata ni. Ta ce, “Ya akhi,” wato ɗan'uwa, “ka iya karatu?” Na ce a'a. Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jakarta ta ciro zaren ɗinki, ta ɗaura a wuyan kwalabe. Baƙi na kududdufin bayan hilla, fari na tankar da ke zuwa jefi-jefi, ja na rijiya. Ta ce, “Kwalbar ba ta san ƙarya ba, abin da ka zuba mata shi za ta faɗa mini.”

Ranar bayan la'asar Baffa ya kira ni. Ƙanin mahaifina ne, shi ne babban hilla. Ya ce, “Kai, in matar nan ta rubuta ruwanmu guba ne, wa zai karanta?” Na ce, “Likitoci mana, Baffa.” Ya ce, “Likitoci ne ke tuƙa katafila? Dalili kawai ake nema a kanmu, mu ne za mu cika shi a kwalba mu kai musu?” Ya ce, “Ni ban ce ka yi komai ba. Na dai san uwarka ba za ta sake iya hawa bayanka ba.”

Ba zan ɗora wa Baffa ba. Bai taɓa kwalba ba. Ni na cika mai jan zare a rijiya a gaban mutane, na sa a kula mai ƙanƙara, na hau bas na ƙetare gada zuwa Khartoum. Da na sauka kasuwar Suk al-Shabi na shiga wurin alwalar wani masallaci, na juye ruwan rijiyar a kwata, na ɗauraye kwalbar, na cika ta a famfo. Sau huɗu na yi haka. Sau huɗu Duktura ta karɓa da hannu biyu, ta sa aka kawo mini shayi, ta ce a cikin masu taimaka mata babu mai amana kamata. Na sha shayin. Ban ƙware ba. Wannan ma yana damuna.

Da sakamako ya fito da kanta ta zo. Ta ce rijiyarku lafiya lau, ku ci gaba da sha. Mata suka yi guɗa. Ita kam fuskarta ba daɗi, na ji tana ce wa direbanta, “Na yi zaton na gano, ashe kuskure na yi.” Ta rubuta takardarta, ta koma wata unguwa. Baffa ya dube ni, ya kau da kai. Har ya mutu ba mu taɓa maganar ba.

Ga inda ya fi muni. Daga ranar na daina kai ruwan rijiya gidana. Kullum in bi ta wani famfo kusa da kasuwa in ciko jarka biyu. Matata Hawa ta riƙa tsokanata da sunan da ake kirana, wato baban Zahra, “Abu Zahra ya zama bature, shayinsa sai da ruwan birni! Ko gwamna za a naɗa ka ne ba mu sani ba?” In ce ruwan rijiya na ɓata mini shayi. Amma maƙwabta? Na ci gaba da buga musu ganga, ina cika musu randa da ruwan da na hana 'ya'yana. Na ce wa kaina ai ban tabbata ba. In ban tabbata ba, me ya kai ni famfo?

Abin da na manta shi ne Zahra ba ta zama a gida. 'Yar farina ce, shekararta huɗu, yarinya mai son mutane, kowane gida a hilla gidanta ne. Ta ci a nan, ta sha a can, ta biyo karona da wani ɗan kara tana buga ganga tana kiran “Ruwa! Ruwa!” kamar ita ce mai sayarwa. Ni na cika randunan da ta sha. Ciwon ya fara mata da ciki, ya kai ga jijjiga. Da rana tsaka muka ɗauke ta zuwa asibiti, a cikin mota ta cika, kanta a cinyar uwarta. Mutane suka ce tunda likita ta wanke ruwa, to abin daga dangin uwa ne, ai akwai mai farfaɗiya a gidansu Hawa. Ina zaune a wurin makoki aka faɗa. Ban kare su ba.

Shin ruwan ne ya kashe ta? Ban sani ba. Ni na hana a sani.

Na sayar da jakin da karon a makon, na koma dako, daga baya na samu raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya, nake tuƙawa. Shekara goma sha biyar ke nan. Hilla ta samu takarda, ba a rushe mu ba, har yau in aka ambaci Baffa sai a yi masa addu'a. An ja mana famfo, amma ruwa ya zo kwana biyu ya ɗauke kwana biyar, in ya ɗauke kowa rijiya yake komawa. Masu batir sun tashi, ramin yana nan, ƙasa kawai aka tura a kai. Ni kuwa in na ji sanda a jikin ganga, ko fasinja nake ɗauke da shi, sai na waiga ina neman yarinya da ɗan kara a bayan karo. Na san ba ta nan. Sai na waiga.

Abin da ya sa nake magana yanzu, watan jiya wata matashiyar likita ta zo da mutanenta. Ɗalibar Duktura ce. Ta yi ta cigiyata har ta same ni a tashar raksha. Ta kira ni Ammu, wato kawu, ta ce, “Kai ne mai karo? Malamata ta tsufa, ba ta fita, amma ta ce in nemo ka, kai kaɗai ta yarda da kai a nan.” Ta ba ni aikin yawo da su. Zamani ya sauya, yanzu suna tsikarar yatsan yaro su ɗauki ɗigon jini, nan take a san abin da ke ciki. Akwai wata na'ura kamar bindiga, a nuna wa ƙasa ko tukunya ta faɗi ko da dalma. Sun samu dalma a jinin yara da yawa a hilla. Yanzu suna neman ta inda take shiga. Sun gwada ƙasa, sun gwada tukwane, sun gwada kwallin da mata ke sa wa jarirai a ido, suka samu a wani kwallin. Rijiya kuwa ba su taɓa ta ba, saboda takardar Duktura ta ce lafiya lau.

Na gwada bi ta gefe. Muna tafe a raksha na ce, “Duktura ƙarama, da kun sake duba rijiyar nan.” Ta yi dariya ta ce, “Ammu, kai da hannunka ka ɗebo, sau huɗu! Gwajin ruwa sai an aika waje, kayan aikinmu da ƙyar muke samu, ba zan ɓata a kan abin da aka gama ba. Sai dai in ka san wani dalili.” Ta dube ni ta madubi tana jira. Na ce babu.

Suka tara mata suka yi musu bayanin kwalli. Da na dawo cin abincin rana na tarar da Hawa zaune a tsakar gida, tandun kwallinta a gabanta, wanda ta gada wurin uwarta. Ba ta kuka. Ta ce, “Abu Zahra, ashe ni ce.” Na ce ke ce me? Ta ce, “Tun ranar suna nake sa mata. Kullum da safe. Ina cewa idonta ya yi kyau.” Na ce kowace uwa tana sa wa 'yarta. Ta ce, “Kai ka wahala ka ɗebo mana ruwan birni shekara da shekaru, ni kuma ina zuba mata guba a ido da hannuna. Ka yafe mini.” Ta riƙe ƙafata. Jama'a, ƙafata ta riƙe tana neman gafarata. Na ce na yafe. Da bakina na ce na yafe.

Tun ranar ba ta cin abin kirki. Ta jefa tandun a masai. Ta daina shiga mata. 'Yarmu ta biyu, Amna, tana da aure a ƙarshen hilla inda famfo bai fi zuwa ba, cikinta wata bakwai. Ina kai mata jarka, mijinta ya ce, “Baba, ka daina wahalar da kanka, ga rijiya nan likita ta wanke ta.” Me zan ce masa? Kuma ko na ceci Amna, sauran fa? Ba haka na yi wancan karon ba?

Na ga rusau, na yi yunwa, na taɓa kwana uku a hannun jami'an tsaro ban buɗe baki ba. Ba duka nake tsoro ba. Ko mutanen hilla su jefe ni, na cancanta, akwai gidajen da suka binne yara bayan Zahra, akwai saurayin da har yau ba ya iya ƙirga yatsunsa, uwarsa tana gaishe ni kullum. Idon Hawa nake tsoro. In na faɗa wa likitar dole ta faɗa wa malamarta, dole ta tara mutane ta ce a daina shan rijiya, dole a tambayi me ya sa takardar farko ta yi ƙarya. A hilla magana ba ta wuni. Hawa za ta gane dalilin jarka biyun nan da ta yi shekaru tana yi mini dariya a kansu. Za ta gane na sani tun Zahra na da rai. Za ta tuna ina zaune aka zagi danginta, ta tuna na bari ta riƙe ƙafata. In na sauke mata wancan nauyin, ba wani na ɗora mata ba? In na yi shiru kuma, da tunanin ita ta kashe 'yarta za ta shiga kabari, jikana kuma a kan ruwan nan za a yaye shi.

Na je wurin wani malami a wata unguwa inda ba a san ni ba, na fara ba shi labari, da na kai wurin famfon masallaci na kasa, na ce masa labarin wani abokina ne. Ya ce abokin naka ya tuba. Tuba kam na yi ta ba adadi. Rijiyar ba ta san na tuba ba.

Ranar Alhamis likitar za ta rufe ɗibar samfur ta koma Khartoum. Jiya da za ta sauka ta miƙo mini wata 'yar leda, ta ce malamarta ce ta aiko mini don tunawa da zamanin aiki tare. Zare ne kala uku. Na sa baƙin da farin a aljihun raksha. Jan yana hannuna yanzu da nake magana.

Ku faɗa mini, don Allah, ba tare da kwana-kwana ba. Likitar zan fara samu, ko Hawa? Da wane baki zan fara? Akwai hanyar da za a gwada rijiyar nan matata ba ta tsane ni ba, ko dai neman wannan hanyar ma wani famfon masallacin ne nake nema? Kwana uku suka rage. Me zan yi?