Turaren Kabewa na Tahlia

Litinin, 6 ga Mayu

Tahlia ta iso. Jikata ta fari, 'yar ɗana Craig. Rabonta da gonar nan tun kafin mu sake rufin rumbu. Na je tarbarta a garin Gatton, don murna har na manta inda na ajiye mota, muka yi ta zagaye da jakarta. Ta zo da akwati cike da ƙananan kwalabe. Wai turare za ta haɗa mai ƙamshin kabewa. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Talata, 7 ga Mayu

Ga yadda na fahimta. Kamfanin da take koyon aiki a Sydney sun ba ta gwaji. In turaren ya yi musu, za su tura ta Faransa shekara uku. In bai yi ba, aikin ya ƙare, ta ce sai ta dawo nan ta taya mu gona.

Matata Glenys ta ce, "Allah ya sa su karɓa." Na ce amin. Bakina ne dai ya faɗa.

Wa zai biya kuɗi ya yi warin miya? Ban tambaya ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na yi aika-aika.

Na ga yarinya tana ta shinshina 'yan takardu tana yamutsa fuska, kuma ko kabewa ɗaya babu a ɗakin. Na ce a raina kunya take ji ta roƙa. Sai na ɗauki wuƙa na nufi babbar kabewata, wadda nake raino tun bazara don gasar bajekolin garinmu, wadda maƙwabcina Des ke leƙowa ta shinge yana kallo yana haɗiyar yawu. Na fasa ta, na turo rabi a baro har ƙofar ɗakinta.

Ta leƙo. "Kaka, mene ne wannan?"

"Kayan aiki. Matse abinki."

Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. Ta ce ba a matsar turare daga kabewa, ba ta ba da komai. Ana ɗauko ƙamshin wasu abubuwa ne a jera su har hanci ya yarda kabewa ce.

Na ce, "Wato babu kabewa a turaren kabewa?"

"Ko ɗigo."

Na yi karatun yamma bayan na wuce hamsin, na koyi rubutu da lissafi, amma ba a kai mu wannan shafin ba.

Juma'a, 10 ga Mayu

Miyar kabewa da rana, gasasshiya da yamma. Glenys ta ce haka za mu yi ta ci har ta ƙare. Des ya ɗaga murya ta shinge: "Merv, na ji ka ba ni kofin bana kyauta. Ka gaishe min da Faransa."

Litinin, 13 ga Mayu

Ta miƙo min takarda in shinshina. Kirfa, kanumfari, citta, da zaƙi kamar shagon alawa. Na ce akwai daɗi, amma ina kabewar? Ta ce haka mutanen Amurka suka san ta, cikin kek mai sukari, kuma irinsa ne ya cika kasuwa. Mu nan da gishiri da mai muke gasa ta kusa da naman rago. Ashe har hanci ma kowa da ƙasarsa.

Yanzu bina take gona da safe. Tana karya kara ta kai hanci. Ta shinshina kwanon rufin rumbu inda muke shanya kabewa a rana, har da safar hannuna. Glenys ta ce, "Yarinya, in kika sa warin tsohon nan a kwalba, sai dai a kori sauro da shi."

Ina jin daɗin zamanta, ba kaɗan ba. Ta iya tuƙa tarakta fiye da ubanta.

Alhamis, 16 ga Mayu

Kwalba biyu a teburin cin abinci. Gobe za ta aika ɗaya. Ta ce, "Hancina ya gaji, Kaka. Kai ka fi shekara sittin cikin kabewa. Zaɓar min."

Ta farko mai kirfar nan ce. Ita da bakinta ta taɓa cewa shugabarta a kamfanin ta gaji da irinsa, duk wanda ya kawo sai ta ture. Ta biyun na kai hanci, sai ga ɗanyen kara da aka karya, ƙasa bayan yayyafi, da wani abu kamar man shanu a kan ɓawon da ya ɗan ƙone. Ban san yadda aka yi ba. Babu kabewa a ciki, ta rantse min. Amma ga ta nan.

Na daɗe riƙe da kwalba ta farko. Ba abin da zan yi sai in ce wannan. Ba wanda zai sani. Ta faɗi gwajin, girbi mai zuwa muna tare a gona.

Glenys tana wanke kwano, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Tsoho, shayinka zai huce."

Na ajiye ta. Na tura wa Tahlia ta biyun.

"Ka tabbata?"

"A'a. Amma ita ce."

Asabar, 18 ga Mayu

Bajekoli. Des ya ci, da wata 'yar kabewa da ba ta kai rabin tawa ba.

Laraba, 29 ga Mayu

Sun karɓa. Ta bugo waya daga Sydney tana magana da sauri har ban kama rabin zancen ba. A watan Agusta za ta tashi. Na gaya wa Des, na gaya wa mai kawo wasiƙa, na tsayar da wani baƙo a shagon taki na gaya masa. Jikata, Faransa. Ya tambaye ni yaya ake turare da kabewa, na ce ba a yi, ya dube ni, na dube shi.

Ina murna. Da gaske nake.

Glenys ta aike ni in buɗe tagar ɗakin yarinyar ya sha iska, wai har yanzu ƙamshi bai fita ba. Na shiga, na ɗan zauna a bakin gadon. Na gaya mata tagar ta cije, sai na samu lokaci zan duba.